A Dawo Mini da Allon da Aka Tuge Daga Gonata

Zuwa ga Shugaban Sashen Malaman Gona na yankinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne a Badafi, ƙaramar hukumar Kiru. Na rubuto ne a fili don kowa ya shaida, saboda a fili aka ci mutuncina.

Na farko: malamin gonar da ka turo mana ya zaɓi gonata ta bakin titi a matsayin gonar gwaji, ya kafa allo da sunana, ya naɗa ni jagoran manoma. Ya kawo sabon irin masara a makare, ya rantse za ta nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ni kuma, uban 'yan zumuɗi, na bi gida-gida ina talla. Da bakina na sa ƙanen mahaifina, Baffa Isa, ya ajiye irinsa na gado ya shuka wannan.

Na biyu: ruwa ya ɗauke masarar tana cikin goyo, ta bushe a tsaye. Na kira malaminku har na gaji, bai ɗaga ba.

Na uku shi ne ya hana ni barci. Ana gobe manyan baƙi za su zo duba gonar gwaji, sai ga shi a babur. Bai yi mini ko jaje ba, ya tuge allon, ya shafe sunana, ya je ya kafa shi a gonar Malam Iro, mutumin da ya ƙi karɓar irin ya shuka na gida. Baƙi suka zo suka yi ta tafi da ɗaukar hoto a cikin masarar da ba taku ba. Yanzu na ji da waɗannan hotuna za a kai irin zuwa garuruwan Ba'awa da Burumburum.

Rumbun Baffa babu komai, kuma tun girbi bai ƙara cin tuwon gidana ba. In na buɗe baki a majalisa sai a ce jagora zai yi wa'azi. Ban yafe ba.

Ina roƙon a dakatar da rabon irin, a turo malamin ya tsaya a dandalinmu ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a kuma mayar da allon gonata, inda gwajin ya faɗi. In ba haka ba, duk garin da ya kira taro zai tarar na riga shi zama a sahun gaba. Kuɗin mota kuwa ko akuyata zan sayar, kuma da Baffa zan je, shi zai yi bayani.

Allah ya yi maka jagora, ya kare ka daga ma'aikacin da zai sa ka jin kunyar dattijon gidanku.

Wassalam.

Haruna, Badafi