Turaku a Gindin Tsamiya

Yako, 7 ga Janairu, 1957

Zuwa ga Malam Rufa'i, shugaban makarantar share fage.

Bayan gaisuwa, tunda addini ya ce a yi. Ni ne Dikko. Malam Hayatu ke rubuta mini, na kuma hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

Shekara uku ina haɗiye maganar nan. Da ka zo da yara tara, ba gwamnati ba En'e, wa ya ba ka gonar dawarsa? Wa ya yi tubalin ajin farko? Tsohuwar garmata kuka rataya kuna bugawa, ita ce ƙararrawarku. Da aji ya kai biyar, yara har daga Doguwa, sai ka miƙe ranar biki ka ce a kango kuka fara. Kango! 

To jiya na ga turaku da igiya sun ratsa gindin tsamiya, inda matata Turai take kwance. Wa ya kafa su?

Wassalam.
Dikko

Yako, 9 ga Janairu

Baba Dikko, gaisuwa mai yawa da ladabi.

Alherinka ba ya mantuwa. Sai dai takardar neman izini da muka kai Kano ta ce filin kango ne, ba gona ba kabari, don in ba haka ba da an rufe mu. Yatsanka na kanta. Yara arba'in a rana suke karatu, magina kuma ranar Asabar za su fara haƙa harsashin sabon aji. Kwamitin makaranta zai duba kokenka.

Allah ya huci zuciyarka.
Ɗanka, Rufa'i

Yako, 10 ga Janairu

Rufa'i, sallama.

Yatsana ne, ban musa ba. Kai ka karanta, ni na dangwala. "Takardar alheri ce, Baba," haka ka ce.

Shekara biyu Turai na dama wa yaranka kunu, kai ma da ludayinka. Ranar da ta rasu, kafaɗarka na ƙarƙashin makara.

Na tuge turakun. Asabar magina za su tarar da ni zaune a gefenta, sai su fara haƙa ta kaina. Kwamiti bai sha kununta ba, kada ka turo mini shi. Taku ɗari ne tsakanin ofishinka da zaurena. Ka tako, ka dubi idona, ka amsa mini: in babu kabari, wa muka binne a nan?

Ina jira.
Dikko