Gadon Mai Aski

Zuwa ga ɗana, babban ma'aikaci,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina da ban taɓa gani ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san makarantar tawa leƙe ce kawai.

Ban mutu ba tukuna, kada ka yi saurin murna. Ina tsakiyar yi wa wani aski na ji kamar an sara mini gatari a ƙeya, na zube. 'Yan zaman shago suka yi ta dariya har da tafi, wai na ƙirƙiro sabon wasa. Sai da na yi amai a takalmin mai rabin aski aka yarda.

A asibiti suka tura ni cikin wata na'ura, suka zuba mini rini a jini, suka ɗauki hoton kai. Likita ta ce wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwata tun halitta ta bi hanyar da ba ta kowa ba, gefenta ya kumbura kamar balan-balan, ya fashe. Na ce ashe dai akwai ƙwaƙwalwar, a aika maka shaida.

Gobe za su zura siririyar waya ta matsematsina har cikin kai su toshe wurin. An riga an yi wa mai aski aski a inda ba a faɗa. Likita ta ce wasu ba sa farkawa. Ƙanwarka ta kira ka, ka ce kana taro. Ina jin tsoro. Ka zo.

Naka,
Babanka

Ɗana,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya taro? Na farka, ido ɗaya a karkace, baki ma haka. Kujerar da ƙanwarka ta ajiye maka, tasar fitsarina ce ta zauna a kai.

Ka tuna ranar aurenka, da ka shaida wa surukanka a gabana cewa ba abin da ka gada a wurina? To, likita ta ce irin wannan yakan bi jini, 'ya'ya su je a duba su. An duba ƙanwarka, lafiya lau, kan uwarta ta ɗauko. Kai kuwa, ni na aske kan nan tun yana kamar ƙwai. Nawa ne sak, har lotsawar ƙeyar.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa. Duk ranar da kanka ya sara, ko a tsakiyar taro ne, ni ne nake gaishe ka.

Ka huta lafiya,
Babanka, mai aski