Inda Suka Ce Hassana Ta Tafi

Litinin, 3 ga Oktoba, 1994

Hassana ta rasu yau da hantsi. Emil, mijinta, ya zo har rumfata a kasuwar Sankariyare a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, ya tsaya bai kashe inji ba. Kallonsa kawai na yi na gane. Ni da ita ciki ɗaya muka kwanta, rana ɗaya muka faɗo duniya, ta tafi ba sallama. Na buɗe baki zan ce Allah ya jiƙanta, sai na fasa.

Talata, 4 ga Oktoba

Ba su binne ta ba. Wai sai Asabar, in dangin Emil sun iso daga ƙauye. Tana can ɗakin sanyi na asibiti. Hassana da ko ruwan randa ba ta iya wanka da shi!

Yaya Mika'ilu ya kira ni zaure. Ya ce in je gaisuwa, in yi kukana, ba laifi, amma kada in nema mata gafara tunda a wajen addini ta mutu. Bai ɗaga murya ba, idonsa ja wur. Shekara ashirin da biyu bai taka gidanta a unguwar Tampui ba, tun da ta shiga coci suka sa mata Madlen. Shi yake kai mu lakwal, makarantar sistocin coci, a keke muna yara, har yau gani yake laifinsa ne.

Na ce to. Me zan ce?

Asabar, 8 ga Oktoba

Sun sa mata atamfa sabuwa, ɗankwali, takalmi, har da 'yan kunne, suka sa ta a akwati. Na tambayi wata tsohuwa wannan kwalliyar ta mece ce. Ta ce ai gida za ta, wurin Ubanta, kuma wannan jikin ne zai tashi ran ƙarshe. Ni dai uban da na san mata shi ne Alhaji mai goro, yana kwance a maƙabartar Musulmi.

Ina shiga cocin wata mata ta kwarma ihu ta yar da littafinta. Fuskar gawa ta gani tana tafiya da ƙafa. Na ja mayafi na rufe fuskata har aka tashi.

Waƙa suke yi, da ganga. Raina ya ɓaci ƙwarai, 'yar'uwata a akwati ana kiɗa. Sai da na leƙa na ga masu waƙar hawaye suke yi, Emil ma bakinsa yana motsi amma ba sauti.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Bayan salla na roƙa wa Inna, na roƙa wa Baba, na tsallake ta. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Emil ya kawo mini kayanta na gida da ta ce a ba ni. A ƙofar gida muka tsaya. Ba ya iya kallon fuskata, ƙasa yake kallo, bawan Allah.

Ni da bakina da ba ya shiru, na ce masa, "Wai ku aljannarku yaya take?"

Ya ce su a wurinsu ba aure a can, ba zai zama mijinta ba, amma za su gane juna. Babban abin shi ne ganin Allah, ido da ido, ba ciwo ba kuka. Wasu sai an tsarkake su tukuna, addu'ar na duniya tana taimakonsu. Waɗanda suka isa kuma ba zaman banza suke ba, su ne suke roƙa wa na baya.

Na ce, "To ni fa? Ni da nake salla?"

Ya yi ɗan murmushi, karo na farko. Wai tambayar da Hassana take damun fadan cocinsu da ita ke nan duk shekara, har ya gaji ya ce mata mabuɗin ba a aljihunsa yake ba, rahamar Allah ta fi saninsa faɗi. A asibiti kuma ta ce wa Emil ita ta riga ni fitowa da minti goma, ta saba jirana, za ta zauna a bakin ƙofa.

Ja'ira. Ko mutuwa ba ta hana ta gorin girma ba. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran Asabar ɗin nan.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Yaya ya tsaya a rumfa yana juya atamfar da ba saya zai yi ba. Can ya ce, "Ta sha wuya?" Na ce a'a. Ƙarya na yi masa.

Talata, 1 ga Nuwamba

Yau Tusen, ranar da Kirista suke zuwa wurin matattunsu. Ba niyyar zuwa na yi ba, fura kawai na kai wa 'ya'yanta, na tarar za su fita, ba daɗi in juya.

Maƙabartar cike kamar kasuwa. Ana shara, ana shafa farar ƙasa, ana kunna kyandir da rana tsaka. Sun rubuta Madlen a kan gicciyen, ba Hassana ko a ƙasa. Na karɓi tsintsiya na share gefen ƙafafunta, ba don komai ba, ciyawa ce ta yi yawa.

Da suka matsa wurin fada na zauna ni kaɗai. Ban ɗaga hannu ba, ban nema mata gafara ba, Allah shaida, maganar Yaya ban karya ta ba. Hira kawai na yi mata da Hausa, don tun da aka kawo ta nan ba wanda ya yi mata. Na ba ta labarin unguwa. Da zan tashi na ce, "Hassana, ni an hana ni. In gaskiya ne ke ba a hana ki ba, ki roƙa kada a raba mu."

Astagfirullah. Ban san ko ta ji ba. Na ci tuwo da na dawo.