Katangar Baba Huɗu

Zuwa ga maigidana, Baban Ladi,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji, yadda na saba gaishe ka da safe. Na san takardar nan ba za ta kai hannunka ba, ba kuma mai karanta maka ita. Amma maganar da ke cina ba ta faɗuwa ga kowa sai kai, don kai ka taro ta, ka tafi ka bar ni da ita.

Gida lafiya lau. Ladi ta sauka, namiji, an sa masa Bitrus, kuma goshin nan naka ya ɗauko sak, Allah sarki. Rufin kicin da ka ce za ka gyara bayan damina yana nan yana yoyo. Jakar sandunanka na golf tana bayan ƙofa inda ka jingine ta. An tambaye ni ita, ban ba kowa ba.

To, ga labarin da zai sa ka miƙe ka yi rawa da kana nan. 'Yan kulob ɗinku na golf za su gina katanga su kewaye filin wasan. E, katangar nan dai da ka cika mana kunne da ita tun Ladi tana firamare.

Ka tuna yadda kake dawowa kana huci, ko takalmi ba ka cire ba? Yau shanu sun tattake biraun, wurin ramin nan da kuke shimfiɗa wa yashi da baƙin mai don babu ruwan raya ciyawa. Gobe 'yan acaba sun yi layi a tsakiyar fili. Jibi rafi ya kawo, kun tuɓe takalma kun tsallaka da wando a naɗe, manya da ku. Kullum cewa kake, ina ma a haƙa burtsatse, ina ma a sa gada, ina ma a kewaye wurin nan a huta. To, burtsatsen an haƙa bayan tafiyarka, har ciyawa ta fara kamawa a wasu ramukan, kore shar. An jefa gadar katako a kan rafin. Banɗakin da mata 'yan wasa ke roƙo dai har yau shiru. Saura katanga, kuma har an sauke bulo.

Amma Baban Ladi, hanyarmu fa? Ka manta da 'yar hanyar nan da ta taso daga bayan gidajenmu na Romi ta ratsa filinku ta ɓulla titin da ya nufi Rido? Ta nan muke zuwa kasuwa. Ta nan muke zuwa coci, ta nan mai naƙuda ke kaiwa asibiti da wuri. In aka toshe ta sai mu zaga ta babban titi, inda tankokin mai ke wucewa kamar za su kwashe mutum. Ni da sauran ƙarfina zan iya. Maman Doshima fa, da gwiwoyin nan nata da daron doya a ka?

Ita ce fa ta raɗa maka suna, ka tuna. Lokacin tana sabuwar zuwa daga Benuwai, tana ratsa filin ka buga ƙwallo, ka ƙwalla ihun nan naku na gargaɗi, fo! Ita kuwa ta ɗauka lissafi kake yi da Turanci, wai ƙwallo huɗu ne ke tafe. Ta ga ɗaya ta faɗi, sai ta tsuguna a gindin maina ta kifa daro a ka tana jiran sauran ukun, har rana ta yi zafi. Da ka je ka yi mata bayani cewa ma'anarsa kawai a kauce, dariya ta hana ka ƙarasawa. Tun daga ranar ka zama Baba Huɗu a duk unguwa. Har Fasto sai da ya kira ka haka a wajen jana'izarka, mutane suna kuka suna dariya.

Bayan taron zumuntar mata na coci, Maman Doshima ce ta jagoranci matan layinmu suka zo suka cika min falo. Ba su zo da faɗa ba. Cewa suka yi tunda katangar mijina ce, maganata za a ji, in je in roƙa a bar mana ko 'yar ƙofa ce wadda mutum ɗaya zai iya ratsawa. Na ce zan je. Me zan ce musu in ba haka ba?

Na je mitin ɗin 'yan kulob ɗin. Wallahi sun karrama ni har kunya ta kama ni. Alhaji Sule, abokin wasanka na golf, shi ne ciyaman yanzu. Ina shiga ya sa kowa ya miƙe, aka yi shiru don tunawa da kai. Sannan ya sanar cewa sunanka za a sa wa katangar, an ma riga an kai a rubuta allon, kuma ni zan aza bulon farko ranar Asabar. Aka yi ta tafi. 

Sai da aka tashi na ja Alhaji Sule gefe na faɗa masa saƙon matan layinmu. Bai yi fushi ba, kuma ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ce kwanan baya ƙwallo ta sami wata mata a kunne, Allah ne ya kiyaye ba ta kurmance ba. Ya ce ƙofar da mutum zai bi, saniya za ta bi, babur ma zai bi, ciyawar da suka sha wahalar rayawa ta tashi a banza. Daga nan ya kawo maganarka. Wai kai da bakinka ka sha faɗa a mitin cewa kada a bar ƙofa ko ɗaya ta ɓangaren Romi, su kuwa ba za su saɓa wa maganar mamaci ba.

Gaskiya ne, Baban Ladi? Ka faɗi haka? Ko kuwa ranar shanu ne suka ɓata maka rai ka faɗa cikin fushi, yadda kake cewa za ka sayar da motar nan duk ranar da ta ƙi tashi? Ni na san bakinka, yana riga zuciyarka gudu. Amma ta yaya zan tsaya gaban mutanen da suka ji da kunnensu in ce ba haka kake nufi ba? Kai kaɗai za ka iya warware maganar nan da kalma ɗaya, kai kuwa ka yi shiru.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Yawancin safiyar Asabar ɗin nan da kake hango ni ina ratsa fili da jakar kasuwa, babu abin da zan saya. Muryarka nake zuwa ji. Sai in tsaya cikin mata mu duƙa tare in ka yi ihu, in yi kamar ban san ka ba, alhali zuciyata cike take da alfahari, ga mijina can da farar hula. Ban faɗa maka ba don na san za ka yi ta tsokanata har gaban yara. Kuma tun da ka tafi ban daina bi ba. A makabarta ba na jin ka, wurin ya yi tsit da yawa. A filin nan nake jin ka, in na tsaya na ji ƙarar sanda ta sami ƙwallo. Zamanka memba ya ƙare ranar da ka ƙare, an gaya min cikin ladabi. In katanga ta tashi, ni ma a waje nake.

Duk shekarun nan da kake maganarta ban taɓa zaton za a gina ba, shi ya sa ba mu taɓa zama mun yi zancen hanyar ba. Kai kuma da kake lissafa shanu da 'yan acaba, bai taɓa faɗo maka a rai ba cewa matarka na cikin masu ratsawa? Haba Baban Ladi. Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, na rasa wanne ya fi yawa.

Da na koma na gaya wa Maman Doshima yadda muka yi, ba ta yi min faɗa ba. Ta dai shafa gwiwarta, ta ce Allah ya ji ƙanka, mutumin kirki ne kai. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

In na ƙi zuwa ranar Asabar, za a ce na wulaƙanta sunan mijina, kuma katangar za ta tashi ko da ni ko ba ni. In na je, matan layinmu za su tsaya daga nesa su ga hannuna a kan bulon. Na yi addu'a, na juya maganar ta kowace fuska, ban sami mafita ba. Zan je. Zan ɗaura zanen nan da ka fi so, in karɓi cokalin magina, in aza bulon daidai inda suka nuna min, in yi murmushi a ɗauki hoto. In an gama, zan ɗauki jakata in zaga ta babban titi in koma gida.

Ka huta lafiya, maigida. Ka sami abin da kake so.

Matarka,
Saratu, Maman Ladi