Gyaran Da Bai Isa Ba

Lahadi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Mama? Ina fata ƙafar ta fara ɗaukarta. Ki gaishe ta da kyau, ki gaishe da Yaya da iyalinsa. Yara lafiyarsu ƙalau. Auta ta ɓatar da takalmin makaranta ƙafa ɗaya, sai a kwandon wanki muka same shi.

Kin ce kin gaji da kirana a waya kina sauraron numfashina. Kin yi gaskiya. Magana ta fi yi mini sauƙi a takarda, inda zan iya soke kalma kafin ta iso gare ki. Ga abin da ke cina.

Kin san manhajar da muke yi wa asibitoci, wadda ke aika wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita. Wata guda ke nan da aka gano tana ƙara wa wasu kwana ɗaya: mai ranar ɗaya ga wata sai ta ce masa biyu. Aka ba Maƙwabciya gyaran, wato matar nan da teburinta ke manne da nawa, wadda ta zo duba ki a asibiti lokacin haihuwar Auta. Shekara shida muna aiki tare, ban taɓa ganin ta miƙa abin da ba ta gwada ba. A kwamfutarta gyaran ya zauna daidai. Aka tura, kuskuren yana nan. Ta sake rubutawa, aka tura, yana nan. Ranar Alhamis aka tura na uku, ko gezau.

A da da hannunmu muke tura gyara. Wata biyu da suka wuce Manaja ya ɗauko mana wani mutum daga waje wanda yake kira Gwani, mu ma muka bi shi da sunan, ko da yake niyyarmu ba ɗaya ba ce da tasa. Gwani ya kafa tsari mai tafiya da kansa. In ka gama gyara, na'ura ta ƙunshe manhajar gaba ɗaya cikin abin da muke kira kwantena, ta ajiye a rumbu, sannan babbar na'urar da asibitoci ke magana da ita ta ɗauko sabuwar kwantena ta sauke tsohuwa. In an gama, alama ta yi kore a wani allo da ya sa aka rataya mana a bango, mai faɗin ƙofar ɗakinmu. Mutum ne mai yawo da kwamfuta biyu, ban taɓa ganin ya buɗe ta biyun ba. In ka yi masa tambaya sai ya maimaita ta da ƙarfi yana murmushi, don kowa ya ji irin tambayoyin da yake haƙuri da su. Amsarsa kuwa ɗaya ce: ya nuna allo da biro. Tunda kore ne, laifin na wanda ya rubuta gyaran ne.

Manaja, wanda rabonsa da buɗe fayil ɗin aiki tun kafin mu yi aure, launi ya ishe shi hujja. Ya shaida wa Maƙwabciya a gaban kowa cewa in abin bai daidaita zuwa Juma'a ba, za ta karɓi takardar sallama. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Ni kuwa ban sa baki ba, don ba na son furta abin da ban auna ba. Amma na karanta gyaranta na farko sau biyu, ban ga aibinsa ba.

Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Gidan ya yi girma da yawa ba ke.

Mijinki

Laraba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Na yi farin ciki da jin ta taka har bakin ƙofa ba tare da an riƙe ta ba. Ke fa, kina samun hutu kuwa? Kin saba ɓoye gajiya, kuma daga nan ba ni da hanyar kama ki.

Na gano matsalar jiya da tsakar rana, lokacin da kowa ya fita cin abinci. Na yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko, da akwai mai tunani a cikinmu. Na ƙara ɗigo ɗaya a ƙasan shafin farko, ɗigon da ba ya yin komai, na tura nan take ban jira ranar turawa ba. Allo ya yi kore. Na buɗe shafin, babu ɗigo. Ashe ba gyaran Maƙwabciya ne ya kasa ba. Babu abin da ke isa ko kaɗan.

Kowace kwantena tana da doguwar lambar shaida wadda ba ta taɓa zama ɗaya da ta wata. Na duba ta wadda ke rumbu, na duba ta wadda ke aiki, ko kama ba su yi ba. Wadda ke aiki kwananta hamsin da biyu, ita ce ta farko da Gwani ya ƙunshe ranar da ya kafa tsarinsa, kuma ba a sake taɓa wannan manhaja ba sai da Maƙwabciya ta fara gyara. Dalilin kuwa har kunyar rubuta shi nake. Gwani yana manna wa kowace sabuwar kwantena laƙabi iri ɗaya, sannan ya umarci babbar na'ura kada ta je rumbu sai in ba ta da mai wannan laƙabi. Sai ta duba, ta ga tana da ita, ta kashe tsohuwar ta sake kunna ta, ta ba da rahoton nasara. Koren da Manaja ke tsayawa a gabansa hannu a baya, iyakar ma'anarsa ita ce tsohuwar ta tashi lafiya. Layi biyu ne kacal cikin umarnin da ya rubuta wa na'urar. Ɗalibin shekarar farko da ya rubuta su, malaminsa zai ja masa jan biro.

Da a nan zancen ya tsaya, da na rubuto miki da sauƙin zuciya. Ƙa'idarmu ita ce babu canjin da ke shiga sai mutum na biyu ya karanta ya amince. Na nemi sunan wanda ya amince da waɗannan layuka, na tarar nawa ne. Na tuna ranar. Gwani yana tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota, fayil tara ne, Manaja yana leƙowa yana tambaya ko akwai wata matsala. Na gangara da ido, na danna. Na raina mutumin har na ga aikinsa bai cancanci in ɓata lokacin karanta shi ba.

Ga abin da na yi. Da yake ina cikin masu izinin shiga kai tsaye, na gyara layukan ni kaɗai: yanzu kowace kwantena lambarta ce laƙabinta. Gobe Alhamis ranar turawa ce. Gyaran Maƙwabciya zai isa, kuskure ya ɓace, takardar sallama ta mutu a aljihun tebur, Gwani ya ci gaba da nuna allonsa. Ba wanda zai rasa komai. Na san abin da za ki ce, kuma ina roƙon ki bari sai Juma'a ta wuce kafin ki faɗa.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki

Asabar

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Mama, na samu saƙonki. Kalma huɗu ne, kuma sun isa.

Akwai abin da lissafina ya manta. Na yi ta cewa gyaran Maƙwabciya, alhali gyara uku ne. Na farko shi ne daidai. Da aka ce mata bai yi ba, ta yarda, don allo ya ce an tura. Ta warware aiki mai kyau ta sake wani. Da aka ce wannan ma bai yi ba, ga sallama a gabanta, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta umarci manhajar ta rage kwana ɗaya daga kowace rana, ko ta halin ƙaƙa. Na ukun nan ban karanta shi ba. Shi ne ya isa ranar Alhamis ta hanyar da na buɗe.

Jiya da safe wayoyin ofis duka suka ɗauki ƙara. Mutum ɗari uku da wani abu ne aka ce su zo kwana ɗaya kafin ranarsu. Wani asibiti ya ce akwai dattijon da aka ɗauko daga nesa bai karya ba saboda gwajin jini, aka mayar da shi. Gwani ya shigo fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya zagaya tebur-tebur yana bayyana cewa tsari ba ya ƙarya, mutane ne ke yi. Ƙarfe goma Manaja ya tara mu a ɗakin taro, ambulan ɗin takardar sallama a gabansa, ya ɗora masa yatsa biyu. Ya fara dogon jawabi a kan amana, kalmar da ya samo a wani taron bita.

Na miƙe kafin ya gama. Na haska musu lambobin shaida biyu da kwanakinsu, na nuna layuka biyun, na nuna sunana a ƙarƙashinsu, na nuna canjin da na yi ranar Talata ba da sanin kowa ba. Na ce gyaranta na farko bai taɓa isa ba, kuma mu ne muka tura ta ta ɓata shi. Muka mayar da shi a gabansu, cikin minti ashirin ranaku suka daidaita.

Gwani bai ko ƙifta ido ba. Ya ce ai tun farko ya ba da shawarar a riƙa yin laƙabi da lamba, yana nan a shafi na arba'in na bayaninsa, sai dai ba a karatu a wannan ofis. Manaja ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni ko yanzu za a iya yarda da koren. Wannan ne kaɗai abin da ya ɗauka daga taron. Ambulan ya koma aljihun tebur. An ce ranar Litinin zan karɓi takardar gargaɗi, kuma an janye mini izinin shiga kai tsaye. Ban yi gardama ba. Da ni ne mai hukunci, da ban tsaya nan ba.

Maƙwabciya tana nan a aikinta. Da aka watse ta tsaya a bakin ƙofa har na iso, na zaci godiya ce, har na fara shirya amsar da zan ba ta cikin tawali'u. Sai ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun Talata. Sannan ta tuna mini, da muryarta ta kullum, cewa ranar Laraba ta sauke hotunan 'ya'yanta daga tebur, ta kwashe kofinta da littattafanta don kada ta yi ɗaukar kaya ranar Juma'a a gaban mutane, kuma da ta rasa abin zubawa ni na miƙa mata jaka.

Haka ne. Ni na miƙa mata, har na riƙe mata ƙofa.

Ki gaishe da Mama. Kada ki yi gaggawar dawowa saboda ni, sai ta warke sosai.

Mijinki