Lamurjen gasa ya zama ruwa

Baban Aziza,

Na tahi Keita. Na ishe ka koma barci bayan salla, ban tashe ka ba don kada mu yi faɗa gaban yara.

Da safe na ɗauko bidon lamurjen da zan kai gasar mata, na ɗanɗana, sai na ji salam. Aziza ta ce jiya ka zuba ma abokan hirarka, ka cika sauran da ruwan randa. Har ka ce musu, "Ai Cima ko ruwa ta kai, ita za ta ci." Ka ɗauka da baki na ci na ɗaya bara? Tun shekaranjiya nake jiƙa tsamiyar nan ina tacewa, cittar kuma daga Madawa aka kawo mini, ba ta saura ko ɗaya.

Na haɗa wani a gurguje, bai kama ƙafar wancan ba.

In ka tashi, ka je gidan maƙwabciyarmu Ummulkhairi ka yi mata godiya, ka faɗa mata dalili da bakinka. Ita ma gasar za ta shiga, amma ta raba cittarta biyu ta ba ni.

Cima