Injin burodi ya cinye yatsun maigidana, ana so ya yafe ranar Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da war haka. Admin a taimaka a sakaya sunana, unguwarmu ko tari ka yi sai an gane naka ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Juma'ar nan nake buƙatarta.

Ni matar aure ce a Ƙofar Sauri, yaranmu uku. Maigidana yana aiki a wani gidan burodi a Kambarawa, shi ne a kan injin murza kwaɓi, irin mai ƙarafa biyu suna juyawa ana tura kwaɓin a tsakaninsu. Mai gidan burodin wani Alhaji ne abokin marigayi surukina, Baba ma maigidana yake ce masa. Tun bara yake dawowa gida yana mita, wai makunnin injin ya lalace, waya biyu suke haɗawa da hannu ya tashi, in za a kashe kuma sai an fita waje an kashe janareta gaba ɗaya, murfin ƙarfen da ke kare hannu ma an cire shi wai yana rage sauri. Na ji mitar nan har na haddace ta, nakan ce masa ni fa ba ni ce Alhaji ba, ya je ya faɗa wa mai injin. Ya ce ya faɗa, an ce za a gyara bayan salla. Salla biyu suka wuce ba a gyara ba.

Watan jiya injin ya ja hannunsa na dama. Kafin a ruga waje a kashe janareta yatsu uku sun tafi, na huɗun ma likita ya ce ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Tsakani da Allah Alhaji ya yi hidima, shi ya kai shi asibiti da motarsa, shi ya tsaya a kan magani, da aka sallamo mu ga shinkafa ga mai, burodi kuwa kullum safiya sai an aiko har yara sun fara ƙinsa. Da farko ina kuka ina sa masa albarka. Daga baya ne na fara ganin abubuwan da suka hana zuciyata kwanciya.

Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake yi, wai hannun rigarsa ne injin ya kama, da bai sa doguwar riga ba da hakan ba ta faru ba. Wace doguwar riga? Ni nake wanke kayan mutumin nan, ni na miƙa masa rigar da ya fita da ita ranar, 'yar shara ce marar hannu, don zafin wurin ba ya barin kowa ya sa mai hannu. Da na isa asibiti na tarar da shi cikin sabon kaftani wanda ban taɓa gani ba. Na tambayi rigarsa aka ce ta ɓaci da jini an yar, na ce ko a tsumma ce a ba ni, har yau shiru.

Sai na lura da inda labarin yake fitowa. Alhaji ya turo ƙaninsa, Malam Sada, wai ya riƙa taya mu karɓar baƙi. Tun hantsi zai shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu, ba zai tashi ba sai magariba, kowa ya zo shi zai fara tarbarsa, a yi doguwar gaisuwa, ya ba shi labarin doguwar riga, sannan ya rako shi har gaban marar lafiya ya zauna. Mutumin da ko sunan yarana bai riƙe ba, yau shi ne mai gadin zaurenmu. Abokan aikin maigidana ba wanda ya zo shi kaɗai, a tare aka kawo su, suka yi sannu suna kallon ƙasa suka tafi. Matar ɗaya daga cikinsu ce ta raɗa min a gidan suna cewa washegarin abin aka sa wa injin sabon makunni, aka mayar da murfin, har fenti aka yi masa. Ta ce in na ce ita ta faɗa min za ta rantse ba ta san ni ba.

Shekaranjiya yayan maigidana, Yaya Lawal, ya zo da abin da ya ƙarasa ɗaga min hankali. Wai ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ga liman ga dattawa, maigidana ya faɗa da bakinsa cewa sakacinsa ne, kuma ya yafe duniya da lahira, shi kuma Alhaji zai ba shi aikin kula da fitar burodi muddin yana raye. Na ce Yaya, in ƙaddara ce kamar yadda kowa yake faɗa, me ya kawo shaidu? In yafewa ce a yafe mana, me ya sa sai ya ce sakacinsa ne? Ya taso min kamar zai cinye ni, wai butulci ne, wai ina cin shinkafar mutum ina zarginsa, wai ba a taɓa kai abokin uba ƙara ba a zuri'arsu, kuma ba a kaina za a fara ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maigidana, na tuna masa mitar da ya yi ta yi, ya ce shi bai tuna ba, rigar ma bai tuna ba, in bar maganar. Ban sani ba ko kunyar Alhaji ce, ko tsoro, ko akwai abin da aka faɗa masa a asibiti kafin in iso.

Akwai ƙawata da mijinta lauya ne, ta tambayar min shi. Ya ce doka ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, musamman in an san kayan aikin na da matsala aka bari, amma in maigidana ya tsaya gaban liman da mai unguwa ya ɗora wa kansa laifi, magana za ta yi wuya sosai. Ya ce alkawarin aiki da baki kuma, ranar da Alhaji ya sauya ra'ayi ko ya faɗi ya mutu shi ke nan. Shi lauyan zai iya zuwa ya gana da maigidana, amma dole sai na buɗe masa ƙofa, ga Malam Sada kuma a zaure.

Wani lokacin ina cewa ko ni ce mai mugun zato, ko Alhajin tsakani da Allah yake yi. Ina tsoron dangin miji su juya min baya, ina tsoron aurena. Amma wallahi tausayin mutumin nan yana cin raina, shi da ba ya iya cin abinci sai yaransa sun kewaye kwano, yanzu sai ya tura ƙofa yake ci shi kaɗai, don kada su gan shi yana ci da hagu.

Yau da safe ya ce in goge masa farar shaddarsa ta Juma'a. 'Yan uwa me zan yi? In kira lauyan nan ya zo ba da yawun maigidana ba, duk abin da zai faru ya faru, ko in goge kayan in miƙa masa, ya je gaban mutane da guntun hannunsa ya ce shi ya jawo wa kansa?